Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa Daga Ciki

Iska ta bugo ƙofar motar kayan ta rufe, Wiebke na ciki tare da saurayinta Torben, tana kallon gadon katakon da ya ƙera a cikin motar. Filo biyu ya jera a kai. Ta kawar da ido.

"Litinin zan kama hanyar ƙasar Fotugal," in ji shi a hankali. "Da tsawonki na auna gadon nan."

"Shanun Baba fa? Su tatsi kansu?" Ta lalubi hannun ƙofa, sai rami ta ji.

"Ban mayar da shi ba tukuna. Daga waje kawai take buɗuwa."

"To, wa zai buɗe mana?"

Ya dubi garken shanun ta taga, ya dube ta. "Babanki kaɗai ke gida."