Jarumin Littafin Matata

Ana tsakiyar kashi na uku na kashe talabijin. Daga littafin da matata ta rubuta aka ɗauko shirin, kuma jarumin ya ishe ni. Takalmin budurwarsa ya tsinke a titi, ya cire nasa ya ba ta, ya taka har gida ƙafa a ƙasa. Matata sai murmushi take yi.

"Wannan ba ƙirƙira ba ce," na ce. "Kin san mutumin nan. Wane ne?"

"Haba, Baban yara, kunna mana."

"Sai kin faɗa min."

Ta daɗe tana kallona, idonta ya kawo ruwa.

"Kai ne. Shekarar da muka haɗu."

Na kunna. Har aka gama ina harararsa, don ban ga yadda zan ƙwace matata daga hannunsa ba.