Ranar da Rediyon Baba Ya Nemi Gafara

Rediyon Baba ɗaure yake da robar tayar keke. Wata la'asar a zaurenmu na Kurfi, yana saurare tare da abokinsa Arɗo, makiyayin da ya daina shiga kasuwa tun da rediyon ya ce shanunsu ne suka ɓata gonakin Wurma. Sai mai labarai ya ce sun bincika, ambaliya ce, ba shanu ba, a gafarce su.

Arɗo ya ja tsaki. "Bayan an gama zaginmu, Malam?"

Baba ya ce, "Bakin da ya iya cewa ya yi kuskure, shi zan ba kunnena gobe. Tashi mu je kasuwa."

Suka tafi tare. Har yau, ba na yarda da gidan labaran da bai taɓa neman gafara ba.