Iskar Taya

Ana tsakiyar tseren motoci, a kwanar gonar inabi, kan hanyar garin Melnik, ruwan sama ya tsuge. 'Yar motata mai batir ta zame ta faɗa kwata, ta ƙanena kuwa ta manne da kwalta har ta cinye tseren. Shekara biyar ina ƙera tawa, shi wata uku kacal. Raina ya yi baƙi ƙirin.

A dandalin coci ya rungume ni.

"Yaya, an gan ka da safe kana rage min iskar taya."

Ya ƙara ƙanƙame ni, ya ci gaba.

"Ashe ka san za a yi ruwa! Taya mai laushi ta fi kama hanya."

Baba ya dafa kafaɗata a gaban jama'a. "Haka ake zumunci, ɗana."

Tun ina yaro nake jiran ya yabe ni. Na kasa ɗaga kai, ni da na rage iskar don kada ya ci.