Allon Bakin Gari

Ranar da farar mota ta tsaya a gindin allon nan na bakin hanyar Kafur, har masu sheƙar masara suka ajiye ƙwarya suka taho kallo.

Tsatsa ta daɗe da cinye rubutunsa, ta bar mana abin musu. Liman ya ce alamar tsohuwar kasuwar auduga ce. Wani dattijon Bamaguje ya rantse iyakar gonar kakansa ce. Bayarabiya mai shagon magani ta ce tana yarinya ta ga hoton wani abu mai dogon wuya a jiki. Aka ce mata raƙumi ne, aka yi dariya. Awaki dai ba su shiga gardamar ba, susa kawai suke yi da shi.

Wani mai babbar riga ya sauko daga motar, mai fenti na biye da shi.

"Ranka ya daɗe, lafiya?" in ji mai unguwa.

"Lafiya lau, Alhaji. Manya za su zo duba ayyuka."

Kafin la'asar allo ya fito fes. Ga hoton famfo mai dogon wuya, a ƙasa an rubuta: AN KAMMALA RIJIYAR BURTSATSE. Ashe shekara da shekaru muna da ruwa, rashin karatu ne ya bar mu da ƙishi!

Mai fenti ya ɗaga hannuwansa. "Ina zan wanke?"

Mai unguwa ya nuna masa hanyar rafi. "Bi matan can masu jarkoki. In ka ɗaga ƙafa, ka dawo kafin magariba."