Kar Wadda Ta Sayar

Auta ta lura Anti, shugabar ƙungiyarsu ta mata masu zuba jari, ko kurɓar shayinta ba ta yi ba.

"Farashi ya faɗi, zai tashi," in ji Anti. "Kar wadda ta sayar da hannun jarinta. Mu maza ne da za mu firgita?"

Aka kwashe da dariya har da Auta, alhali gadon mahaifiyarta ne a cikin jarin.

"Auta, ungo wayata, ɗauke mu hoto," in ji Anti.

Tana ɗagawa kira ya shigo, yatsanta ya taɓa. Muryar dillalin Anti ta fito ƙasa-ƙasa: "Ranki ya daɗe, na sayar da naki duka."

Matan suna ta gyara murmushi. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta ɗauki jakarta, ta fice.