Mijin da Ba Ya Jin Magana

Malam Hayatu yana tsakiyar cin balangu a bayan kantarsa wata tsohuwa ta yi sallama. Bai taɓa ganinta a kemis ɗin ba. Ya goge maiƙon hannunsa, ya tambayi abin da za a ba ta. Ta ce sunanta Adda, kuma ba magani ta zo saya ba, aiko ta aka yi.

Wata 'yarta ce, in ji ta, tana wanki ta tsinci katin asibiti a aljihun mijinta. Da aka karanta mata, sai ga ciwon zuciya da hawan jini. Mijin ya ɓoye, ita kuma ba ta da fuskar tarar sa da zancen. Tsoronta ɗaya, kada wata rana a shigo mata da shi a kwance.

Hayatu ya tambayi garinsu. Adda ta ce can wajen Dauran. Sai ya saki jiki.

Duk Ƙaura Namoda an san halinsa. Ka je sayen maganin tari, ka dawo da huɗuba. Ya yage kwalin magani ya hau rubutu: a rage gishiri da magi, a bar kitse da man shanu, goro ma a yi masa kadaran-kadahan, ƙwayar da likita ya rubuta kuwa kullum ce, ba sai jiki ya motsa ba. Batun giya bai wahalar da bironsa ba, tunda shari'a ta hutar da kowa a bara.

Bayan mako guda Adda ta dawo. Ta ce an rage gishirin da kaɗan-kaɗan, mijin ya ce matar ta manta girki, yanzu a waje yake cika cikinsa da nama. Hayatu ya tura takardar balangunsa ƙarƙashin kanta, ya ce wannan ai wauta ce.

Haka ta riƙa zuwa kowane mako, har da ranar da aka wuni ana ruwa. Tun da shari'a ta hana matan jihar hawa kabu-kabu, wato babur ɗin haya, zuwa daga Dauran ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa ya yaba mata. Ta ce zumunci ne kawai.

A zuwa na huɗu labarin ya yi muni. Mijin ya fara haki ko buta ya ɗauka, ƙafafunsa suna kumbura, masallacin da ke bayan gidansa ma da babur yake zuwa. Matar ta rame don damuwa. Hayatu ya ce a sa wani babba ya yi masa magana mana.

Adda ta ce, "Likita, wanga mutum ba shi jin maganar kowa. Tashi kaɗai shika ji."

Ran Hayatu ya ɓaci sosai. Ya ce mutum yana kashe kansa da hannunsa, zai bar mace da marayu, kuma ana lallashinsa. Ya yago sabon kwali ya rubuta a ɓoye makullin babur, mutumin ya taka da ƙafa safe da yamma, kuma ranar Litinin ya koma asibiti ko yana so ko ba ya so. Ya sa hannu, ya danna hatimin kemis.

"In yay yi hwaɗa, ta nuna mishi wagga takarda, ta ce ni nac ce."

Washegari da safe Hayatu ya duba ƙusar da yake rataye makullin babur ɗinsa, babu. Ya birkice ɗaki, ya zauna yana haki, ya ɗaga murya. Matarsa Saliha ta shigo ta durƙusa, ta miƙa masa kwali mai hatimi.

"Malam, Likita ya ce in kay yi hwaɗa in nuna maka."