Maginin da Ya Huda Bangon Baya

Kai da kake shirin ɗauko bare ya shigar maka faɗan gida, zauna ka ji. Can gabas, inda kanumfari ke fitowa, an yi wasu tsibirai biyu masu kallon juna. Harshensu ɗaya, suna auratayya, amma gaba ta shiga tsakaninsu a kan inda fataken Larabawa za su fi yada zango. Ana cikin haka jiragen Turawan Fotugal suka iso da igwa. Sarkin tsibiri ɗaya ya yanka musu fili a bakin teku su gina ganuwa, don su karya masa mutanen ƙetare. Wani magini, gwanin garin, shi ya ɗora dutse bisa dutse, ya bar kafofin igwa bakwai, duk suna duban ƙetare. Ran da aka fara harbi yana kan bango, yana kallon rumbunan kanumfarin can suna ci da wuta. Ƙamshin ya rufe teku kwana uku. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Matarsa kuwa 'yar can ce.

Da kaka ta zagayo, Turawa suka kafa doka: kada wanda ya sayar wa kowa kanumfari sai su. Mutanen gari suka ƙi, suka ce tun kakanni da Larabawa suke ciniki. Sai shugaban ganuwar ya aika aka kirawo maginin, ya nuna masa bangon baya, wanda ke fuskantar gari, ya ɗaga yatsu uku, wato kafofin igwa uku yake so. Ga bindiga a ƙeyarsa, ina zai ce a'a? Ya ɗauki guduma ya shiga fasa ginin hannunsa. Da kafa ta uku ta ɓulle ya leƙa, sai ga tsakar gidansa sarai, matarsa ta sunkuya tana baza kanumfari a tabarma, goyo a bayanta. Ya ƙwala mata kira. Iska daga teku take, amma hayaniyar masu turo igwa ta danne muryarsa. Aka janye shi gefe, aka zura bakin igwa a gurbin fuskarsa.

Ya rayu har ya tsufa, bai sake taɓa dutse ba. Ni dai ban ce ka yafe wa ɗan'uwanka ba, wannan ruwanka. Amma in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.